Zukatan da Na Ciro wa Ummi

Ku samarin yanzu kun ɗauka fawa ba komai ba ce. Wai a kayar da dabba, a yanka, a feɗe, a baza a tebur. Ran nan wani yana tsaye a gabana yana danne-dannen waya yake ce mini, "Baba Sale, ai sana'arku ba ta bukatar ƙwaƙwalwa." Na miƙa masa wuƙa na ce ya raba mini kafaɗa da haƙarƙari. Ya juya naman, ya sake juyawa, ya ajiye wuƙar ya ce ana kiransa. To ku da kuka zauna, ku ji.

Shekarata talatin da wani abu a kwatar Daura. Wurin ƙanin babana, Baffa Ilu, na koya. Shekara biyu cur ban riƙe wuƙa ba, aikina wankin tumbi da hanji da riƙon ƙafa idan ana fiɗa. Ranar da ya fara ba ni akuya na feɗe, na huda fatar wuri uku. Bai dake ni ba. Rataye fatar ya yi a bakin rumfa, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa ya leƙa ta hujin ya gaishe ni. Kwana uku ana leƙena. Daga ranar ban ƙara huda fata ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙar fiɗa mai lanƙwasa, barho na yankan tsoka, gatari na sarar ƙashi, gungumen da ake sara a kai, sai dutsen wasa wuƙa. Dutsen nan shi ne babba. Mahaucin da bai iya wasa wuƙa ba ƙarfinsa yake sayarwa, kafin azahar kafaɗarsa ta mutu. Barhon da ke hannuna yau na Baffa ne, wasawa ta cinye shi har ya koma rabin faɗinsa, amma ba na ba da aronsa.

Abin da Baffa ya fi matsa mini a kai shi ne gyara. Nama ba ya hawa tebur da tarkace. Musamman zuciya. Ka fitar da ita daga rigarta, wato tantanin nan da ke lulluɓe da ita. Ka sare bututun da ke samanta daidai wuya. Ka kankare kitsen. Ka tsaga ta biyu ka wanke gudajin jini. Wanda ya kawo zuciya tebur da jijiyoyi suna reto, ƙazami ne, kuma a gaban mutane za a gaya masa. Haka na tashi, haka hannuna ya saba, ko ina barci zan yi.

Shekarar da aka rufe boda ita ce mafi muni da na gani. Shanun Nijar suka daina shigowa, na gida suka yi tsadar da ba a taɓawa. Ni da nake yanka sa guda ni kaɗai, muka koma mu huɗu muna haɗa ɗaya. Tsoka a raba huɗu, kayan ciki kuwa karɓa-karɓa, yau naka, gobe na wani. Wasu suka ajiye wuƙa suka kama acaɓa. Ni gwiwata ba za ta iya acaɓa ba, na zauna. Cikin mu huɗun akwai Ɗanjuma, wanda muka yi wankin hanji tare tun muna yara, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

A cikin wannan shekarar ce Ummi ta dawo gida ba lokacin hutu ba. Ummi 'yata ce ta uku, sunan mahaifiyata gare ta shi ya sa nake kiranta haka. Karatun likita take yi a jami'a, kuma tun tana sakandare take cewa ita likitar zuciya za ta zama. Na dawo daga kasuwa na tarar da ita zaune a tabarma ta rame, tuwo a gabanta ba ta taɓa ba.

Na ce, "Korar ki aka yi?"

Ta ce, "Saura kaɗan, Baba. Na faɗi jarrabawar zuciya da jijiyoyin jini. A takarda na ci, a hannu na faɗi."

Na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce su da yawa ne a aji, zuciyar da ake nuna musu kuwa guda ɗaya ce ko biyu, an jiƙa ta a magani har ta yi tauri ta yi toka-toka. Maza su yi dafifi a gaba, ita tana baya tana ɗage. Sai ta koma ta haddace hoton littafi, inda aka shafa wa wannan jijiya ja, waccan shuɗi. Ranar jarrabawa malami ya ɗora mata ta gaske a hannu, babu ja babu shuɗi. Ta riƙe ta a juye, ta ce dama hagu ce. An ba ta mako shida ta sake. Idan ta ƙara faɗuwa za a cire ta daga likitanci a tura ta wani fanni.

Na ce, "Zuciya ce kawai matsalar?"

Ta ce, "Ita ce."

Na ce, "To ci tuwonki. Gidanta kika zo."

Washegari kayan ciki nawa ne. Sa ne mai lafiya, zuciyarsa ta cika hannu biyu. Na zauna na yi mata gyaran da ko Baffa Ilu ya tashi sai ya sa mini albarka. Na sare bututun, na kankare kitse tas, na tsaga, na wanke ta ruwa uku. Na sa a kwanon silba na rufe, na kai gida da kaina, ban aiki kowa ba.

Ummi ta buɗe kwanon. Ta duba, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, ina jijiyoyin?"

"Kare ya ci."

"Rigar fa?"

"Ita ma."

"Kitsen?"

"Me za ki yi da kitse? Karatu za ki yi ko suya?"

Sai ta fashe da dariya, ta riƙe ciki, har da hawaye. Tun da ta dawo ban ga haƙorinta ba sai lokacin. Ta ce, "Baba, wallahi duk abin da za a tambaye ni shi ka yanke ka ba kare." Innarta tana bakin murhu ta ce, "To shi karen sai ya je ya rubuta jarrabawar." Na rufe kwanona na mayar da abata tebur.

Da yamma ta nuna mini hoto a waya. Ashe so take a ciro zuciya da huhu da maƙogwaro a haɗe, riga ba a yage ba, manyan jijiyoyi da tsawonsu kamar taƙi guda. Wato irin aikin da idan sabon shiga ya yi za a rataye masa shi a bakin rumfa. Na ce abu ne mai sauƙi. Bai zama mai sauƙi ba. Kashegari na roƙi Ɗanjuma ya bar mini ranarsa, na ciro komai a haɗe yadda ta ce. Muna hira ana gardamar farashin shanu, ina duba hannuna sai na ga na riga na sare bututun. Ban san lokacin da na yi ba. Ɗanjuma ya kwanta a kan fata yana dariya. Rana ta uku ya zo ya tsaya a kaina, da na ɗaga wuƙa sai ya daka tsawa, "Sale, kar ka gyara!" Ranar ce ta farko da na kai wa Ummi abin da ta nema, jini na ɗiga daga bokiti.

Sai kuma maganar mai zuciyar, domin a kwata kowace tsoka da mai ita tun kafin a yanka. Zuciyar sanmu, ko ranar wa ce a cikinmu, ta Maman Obinna ce. Inyamura ce, mijinta yana da shagon kayan gyaran babura, ita kuma tana sayar da farfesun kayan ciki kusa da tasha. Shekara goma sha biyar tana saye a hannuna, Hausa a bakinta kamar a Daura aka yanke mata cibiya. Kwana biyu ba ta samu da wuri ba, rana ta uku ta tare ni.

"Sale, ka yi sabuwar kwastoma ne? Faɗa mini sunanta in je mu gaisa."

Na gaya mata gaskiya. Ta ajiye bahonta ta ce, "Ummi? 'Yar ƙaramar nan da nake ba alewa? Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko, kai mutumin nan kamar dutse!" Muka shirya. Zuciya za ta fara zuwa gidana da sassafe, Ummi ta sa safar hannu ta yi karatunta, kafin hantsi a wanke a kai tasha. Maman Obinna ta ce an ma rage mata aikin yanka. Daga baya na ji tana gaya wa direbobi su ci da ladabi, wannan farfesun ya je jami'a.

Malamin duba nama ma sai da na same shi, don shi kullum yakan tsaga zuciya ya duba ko akwai ƙwayar tsutsa. Ya yarda zai riƙa yin tsagarsa ta ƙasa, ya bar mana saman. Sauran mahauta masu yanka ƙananan dabbobi suka ji labari, suka fara ajiye mini ta rago da ta akuya. Ummi ta ce ta rago ta fi kusa da girman ta mutum, kamar dunƙulen hannu.

Karatun a tsakar gida muke yi, faranti a kan tabarma, buta a gefe, littafinta a buɗe. Ranar farko ta ɗauki zuciyar tana kallon littafi tana kallonta. Na rufe littafin. Na ce, "Rufe idonki ki matsa." Ta matsa. Na ce, "Ɓangaren da kika ji da tauri kamar damtsen maƙeri, da wanda ya lotsa, ɗaya ne?" Ta ce a'a. Na ce, "Tsinin ƙasan nan na mai taurin ne, ko a wace dabba. Ban san sunansa a wurinku ba." Ta buɗe ido ta ce, "Hagu ke nan! Shi ke tura jini duk jiki, dole ya yi kauri." Na ce to, ni ban san dalili ba sai yau, ita ba ta san taɓawa ba sai yau.

Haka muka yi ta yi. Na nuna mata bututun da ke tsayawa a buɗe kamar tiyon ruwa, fari mai kauri, da wanda ke langaɓewa idan an sake shi. Na ce ta zura yatsa a kowanne ta ji ɗakin da zai kai ta. Ita kuma tana kiran sunayensu da Turanci, sunaye masu tsawo da ba zan iya maimaitawa ba. Wata rana ta ɗauki buta ta tsiyaya ruwa a cikin farin bututun nan ta ce in leƙa. Wasu 'yan fatu guda uku suka cika da ruwa suka haɗe baki, ko ɗigo bai wuce ba. Ta ce ƙofa ce, tana hana jini komawa baya. Shekara talatin ina sare wurin nan ina jefarwa, ban taɓa sanin ƙofa nake sarewa ba. Na karɓi butar na zuba da kaina sau huɗu.

A bayan 'yan fatun akwai wasu ƙananan huji biyu. Ta zura tsinken tsintsiya a ɗaya, na ga tsinken yana tafiya a ƙarƙashin kitsen da nake kankarewa. Ta ce waɗannan su ne ke ciyar da ita zuciyar kanta. Idan maiƙo ya taru ya toshe ɗaya, shi ne za ka ji mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Ta ce yanzu likitoci suna zura wata siririyar waya ta jijiyar wuyan hannu, su bi da ita har wurin, su buɗe toshewar, mutum yana kwance idonsa biyu. Na ce ta wuyan hannu har ƙirji? Ta ce ƙwarai, kuma aikin da take so ta koya ke nan. Na dubi tsinken tsintsiyar na ce to ta fara da wannan.

Ni ma na ba ta mamaki sau ɗaya. Na ce ta latsa can gindin farin bututun a zuciyar sanmu, ta ji wani abu mai tauri. Na ciro mata ɗan ƙashi. Ta ce ba ta taɓa jin zuciya da ƙashi ba. Ta bincika ta ce na shanu ne, mutum ba shi da shi, kuma rassan babban bututun ma na mutum uku ne, na shanu ba haka ba. Na ce to ta riƙe bambancin da kyau, kada ta je ta gaya wa malamai mutum sa ne.

Aikin da ba na mantawa shi ne na wata saniya da muka saya a hannun wani mutumin Sandamu, a mako na huɗu. Tun a tsaye ban so ta ba. Ta bubbuɗe ƙafafun gaba, tana nishi, jijiyoyin wuyanta sun kumbura kamar igiya. Amma arha ta ja mu, shekarar ba ta bar mana zaɓi ba. Da na buɗe ƙirjin sai wari ya bugo. Rigar zuciyar ta cika tim da ruwa mai ɗoyi, ita kanta zuciyar ta yi gashi-gashi kamar tsohon tawul. Na lalubo ta wajen tumbi na zaro ƙusa. Dabbar da ke kiwo a bola takan haɗiye ƙusa ko waya, ta huda tumbi ta doshi zuciya. Mun saba gani. Malamin duba nama ya ce kayan ciki da gaban saniyar duka rami za su, ko tsoka ɗaya ba za ta fita ba.

Na ce ya ba ni rabin awa. Na kira Ummi na ce ta hawo Keke yanzu-yanzu.

Mace ba ta cika shigowa inda ake fiɗa ba, balle budurwa da hijabi. Tana sauka mahauta suka ɗauki ihu, "Ga likita! A ba likita hanya!" Wani ya ba ta aron takalmin roba da ya yi mata yawa, tana tafiya yana ƙwal-ƙwal. Ko a jikinta. Ta tsuguna gaban abin nan mai wari, ta toshe hanci da gefen hijabi, tana dubawa tana tambaya. Ta ce, "Baba, kafin a yanka, wuyanta ya kumbura?" Na ce kamar igiyar guga. Ta buga cinya ta ce, "Shi ne! Ruwan ya matse zuciyar ta kasa buɗewa ta karɓi jini, sai jinin ya taru a baya. Shafi huɗu na haddace a kan wannan ban gane ba." Ta ce mutum ma yana samun irinsa ta wasu cututtukan, kuma da allura ake zuƙe ruwan ya samu sauƙi. Malamin duba nama ya matso, suka yi ta Turanci.

Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "Jama'a ku ga ikon Allah. Mun yi asarar rabin saniya, wannan yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka."

Ana jibi za ta koma na yi mata tawa jarrabawar. Na sa zuciyar rago a bokiti na rufe da tsumma. Ta ce a can ƙararrawa ake bugawa, kafin ka gama tunani an ce ka matsa gaba. Sai innarta ta ɗauko cokali da kwano ta zama mai ƙararrawa. Ummi ta zura hannu ba ta gani, duk inda na ɗora yatsanta ta faɗi sunansa da aikinsa, ni kuma ina duba hoton littafi in ga ko wurin ne. Innarta tana ta saurin buga kwano don mugunta. Sau ɗaya ta yi kuskure, ta gyara da kanta kafin cokali ya sauka. Na ce ta je, Allah ya ba da sa'a.

Ranar da sakamako ya fito ina tebur da hantsi, ina sarar ƙashi, waya ta yi ƙara a aljihu. Hannuna duk maiƙo, Ɗanjuma ya ciro ta ya kara mini a kunne, ya kuma kara nasa kunnen ta ɗaya gefen.

"Baba, na ci! Na ci, Baba!"

Na ce, "Zuciyar fa, ta wane gefe kika riƙe?"

Ta ce wani tsohon malami ne ya miƙo mata a faranti. Ta ɗauka, ta matsa, ta juya ta daidai tun bai buɗe baki ba, duk inda ya nuna ta faɗa. Da suka gama ya cire tabarau ya ce shekararsa da yawa yana wannan aiki, bai taɓa ganin ɗalibar da ta riƙe zuciya kamar za ta yi mata kuɗi ba. Ta ce masa babanta mahauci ne a Daura. Ya ce a gaishe ni.

Na ce, "Ina amsawa. Kin ci abinci?"

Ta ce, "Baba, abin da za ka ce ke nan?"

Na ce, "Ina da mutane a gabana." Ɗanjuma ya janye wayar ya ce, "Rabu da shi, 'yata, gatarin ma a juye ya riƙe." Daga nan ya hau kan benci ya sanar da kasuwa.

Na sallami mutanen da ke gabana, na wanke hannu, na tafi kara, kasuwar dabbobi, na jawo rago. A wannan shekarar, da ko kaza mutum sai ya yi shawara. Na yanka shi na ba mai balangu ya gasa, na ce duk wanda ya taɓa ajiye mini zuciya ya zo, da malamin duba nama, da mai takalmin roba. Aka aika wa Maman Obinna, ta rufe tukunya ta taho tana rawa tun daga bakin titi. Aka baza takarda aka zuba nama, kowa ya kai hannu.

Mai balangu ya tsamo zuciyar ragon a bakin wuƙa ya ce, "Wannan fa ta wa ce?"

Maman Obinna ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Miƙo nan." Tun da na fara sana'ar nan zuciya dubu nawa ta bi ta hannuna, kowacce da mai jiranta, ban taɓa zama na ci guda ni kaɗai ba. Na barbaɗa mata yaji na koma gefe. Ɗanjuma ya miƙo hannu, na buge shi.